Jaguar na marigayi Jean Rouch a faifan DVD: abin da ke ciki da yadda za a haska shi a zango

Jean Rouch ya rasu ne a hatsarin mota ranar 18 ga Fabrairun 2004, kusa da Birnin Ƙonni a Jamhuriyar Nijar, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai. Bafaranshe ne, haifaffen birnin Paris a 1917. Aikin injiniyan hanya ya kawo shi Nijar a 1941, daga baya ya ajiye awon hanya ya rungumi kyamara, har ya bar fina-finai sama da ɗari. A makarantun koyon fim idan aka ambaci sunansa, abin da malamai ke fara kawowa shi ne Chronique d'un été na 1961 da ya yi a Paris, ko Les Maîtres fous mai tayar da ƙura. Jaguar sai daga baya, in ma an tuna da shi. Amma ga ɗan zango, na Nima ne a Akra ko na Aboabo a Kumasi, jerin a juye ya kamata ya kasance, domin a cikin Jaguar ne ake ganin kasuwar Kumasi da bakin tekun Akra, wadda tsofaffinmu ke kira Ankara, a 1954, da launi, cike da 'yan ci-rani daga arewa suna neman na kansu.

Hanyar da ta fi sauƙi a same shi da hoto mai kyau ita ce kwalin da kamfanin Icarus Films na Amurka ya fitar a 2017, shekarar cikar Rouch ɗari da haihuwa, mai suna Eight Films by Jean Rouch. Faifai huɗu ne, fina-finai takwas da aka sabunta hotonsu, da fassarar Turanci a rubuce a ƙasan hoto. Uku daga cikin takwas ɗin a nan Gana aka ɗauke su: Mammy Water, na masuntan bakin teku, da Les Maîtres fous, da Jaguar. Biyu a Abijan aka yi su, wato Moi, un noir da La Pyramide humaine. Akwai na maharban zaki da kwari da baka, akwai Petit à petit wanda ci gaban labarin mutanen Jaguar ne, sai La Punition da aka yi a titunan Paris, wanda gaskiya ba shi zai sa mutumin Sabon Zango ya fitar da kuɗinsa ba. Akwai kuma wani kwali na kamfanin Éditions Montparnasse na Faransa da ya riga wannan fitowa, shi ma da Jaguar a ciki, sai dai don kasuwar Faransa aka yi shi, saboda haka kafin a saya a karanta bayan kwalin a ga ko akwai fassarar Turanci. Ba kaya ba ne da za a tarar a shagunan faifai na Tudu ko Kejetia. Sai an yi oda ta intanet, ko a saƙa shi cikin saƙon wani ɗan uwa mai dawowa gida daga Bronx ko Hambug, wanda yawanci shi ya fi araha tunda kwalin ba shi da nauyi.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Samari uku ne daga Ayoru, a bakin kogin Kwara: Damouré Zika, mai ɗan ilimin boko da baki kamar reza, Lam Ibrahim Dia, Bafulatani makiyayi, da Illo Gaoudel, masunci. Bayan an kawar da amfanin gona sai suka ɗaura niyyar tafiya Kurmi, wato Gold Coast, Gana ta yau, neman kuɗi. Kafin su tashi suka je aka duba musu hanya, aka ce tafiyar za ta yi kyau amma da sun tsallaka iyaka su rabu. Suka ratsa arewacin Dahomey, wato Benin ta yau, ta ƙasar Somba, suka gangaro har suka ga teku, suka iso iyakar Togo da Gold Coast babu takarda babu kuɗin ba ma'aikata, sai suka zagaya ta bayan ofishin kwastan suka shige. Duk wanda ya san Aflao, garin da ke kan wannan iyakar, zai yi dariya a wannan wurin. Daga nan Lam ya bi garken shanu ya nufi Kumasi. Illo ya shiga dako a bakin ruwan Akra. Damouré ya samu aiki a wurin sayar da katako, kuma da yake ya iya karatu da lissafi nan da nan aka ɗora shi kan sauran lebura, ya fara yi musu tsawa, ya samu kuɗin gyaran gashi da taba sigari da yawon gari. Irin wannan saurayin ɗan gayu ne ake kira jaguwa a Akra ta lokacin, daga sunan motar nan ta Ingila, kuma daga nan fim ɗin ya samo suna. A ƙarshe suka sake haɗuwa a Kumasi suka buɗe teburin kayan ƙoli, da allo a kai da aka murɗa karin maganar Faransanci ya koma cewa sannu sannu tsuntsu ke ɗinka hularsa. Da damina ta kusa suka tattara suka koma gida, abin da aka yi watanni ana tarawa aka rabar da shi tsaraba cikin yini guda.

Yadda aka yi fim ɗin ne ya sa ya bambanta, kuma sanin wannan zai hana mai kallo zargin faifansa da lalacewa. Kyamarar Rouch ƙaramar Bell & Howell ce mai cin zaren milimita 16, wadda ake ɗaure wa wani ƙarfe mai naɗi da hannu, ba batir ba. Naɗi ɗaya bai wuce daƙiƙa 25 ba sai ta tsaya. Shi ya sa babu wani hoto a cikin Jaguar da ke daɗewa, da ka fara ƙare wa rumfa kallo an yanke an koma wata. A kafaɗa da hannu yake riƙe ta, babu ƙafafun ɗorawa, don haka hoton na rawa. Sannan kyamarar ba ta ɗaukar sauti. An ɗauki hotunan ne a 1954 zuwa 1955, lokacin da Rouch ke binciken 'yan ci-ranin Nijar a Gold Coast, binciken da ya wallafa a 1956. Magana kuwa sai daga baya aka zaunar da Damouré da Lam gaban hoton ana haskawa, aka ce su faɗi abin da ya zo bakinsu. Fim ɗin bai fito ba sai 1967. Saboda haka baki da murya ba sa tafiya tare daga farko har ƙarshe. Mutum zai buɗe baki a kasuwa yana ciniki, abin da kunne ke ji shi ne Damouré yana tsokanar Lam da Faransanci kan abin da suka yi shekarun baya. Kada kowa ya shiga saitin na'ura yana neman daidaita sauti da hoto, haka aka haife shi.

Wannan hirar ta bayan fage ita ce ran fim ɗin. Ba muryar Bature ba ce tana bayyana wa Turawa su wane ne baƙaƙe. Abokai biyu ne suna kallon ƙuruciyarsu, suna cika baki, suna ƙaryata juna, suna yaba 'yan mata, suna ba'a ga mai kuɗi. Wurin da ya fi nuna haka shi ne ƙasar Somba, inda suka tarar da mutane ba sutura. Da farko dariya da mamaki, sai Damouré ya juya ya ce wa Lam kada a yi musu dariya, haka Allah ya so su. Raha da hankali a numfashi ɗaya, kuma da wuya marubuci ya zauna ya tsara irin wannan.

Sai abin da ido ke tsinta a gefen hoto, wanda mu ya fi shafa. A 1954 Akra ba ta da tashar da babban jirgi zai matso, ta Tema sai 1962 aka buɗe ta. Jirage can cikin teku suke tsayawa, a sauke kaya cikin manyan kwale-kwale, matuƙa su yi ta fama da igiyar ruwa har gaɓa, 'yan dako su shiga ruwa su ɗauko a ka. Wannan aikin Illo ya shiga, kuma fim ɗin ya nuna shi kusa da kusa, har ana ganin jijiyar wuya. Yaran da suka taso suna ganin kayaye mata a Agbogbloshie da Kejetia za su ga cewa a wancan zamanin dakon na maza ne, kuma yawancinsu daga ƙasashen da Faransa ke mulka suka zo. A Kumasi kuma ga tsohuwar kasuwa shimfiɗe, rufin kwano iya ganinka, kafin a yi ginin benen da ke Kejetia yanzu. A lura da riguna da huluna da rawuna, da yadda ake jera turare da madubi da kwado a kan tebur, da motocin katako masu rubutu a goshi. Shekarar zaɓe ce kuma, wanda aka yi a watan Yuni na 1954, don haka ga taron jam'iyyar CPP, ga Kwame Nkrumah kansa shekara uku kafin 'yancin kai. Tsoho ɗan shekara tamanin da ɗoriya idan aka zaunar da shi gaban wannan zai riƙa kiran sunayen wurare kafin a faɗa, kuma yana da kyau a ajiye waya kusa da shi tana ɗaukar abin da yake cewa.

Yanzu ga inda fim ɗin ya gaza, tunda ba a sayen kaya da ido rufe. Na farko, ba fim ɗin Hausa ba ne. Jaruman mutanen yammacin Nijar ne, na ɓangaren Zabarmawa da Fulani, kuma hirar da Faransanci take. Hausar da ake ciniki da ita a waɗannan kasuwanni, wadda ita ce ke haɗa Bazabarme da Bamoshe da Bagwanje da Bayarabe, kyamarar ba ta kama ta ba, babban rashi kenan. Na biyu, baƙon ɗan ci-rani mai zuwa ya koma shi fim ɗin ya bi. Zaunannen zango, da sarkinsa da limamansa da makarantun allo, da masu gidajen da ke saukar da fataken goro da na shanu su tsaya musu a ciniki, duk wannan a gefe aka bar shi, alhali zangon Kumasi ya girmi fim ɗin da fiye da shekara hamsin. Mata kuwa ana ganin su ne ta idon samari masu yawon gari, ba a jin ta bakinsu. Na uku, tafiyar ta yi daɗi fiye da kima. A hoto a ƙasa suke tafiya, a zahiri a motar Rouch aka yi yawancin hanyar, ana tsayawa ana ɗauka. Babu wanda ciwo ya kwantar, babu wanda aka cuce shi kuɗin aikinsa ya rasa inda zai kai ƙara, babu wanda ya kasa komawa gida don kunyar hannu wofi. Kuma tarihi ya yi wa fim ɗin raddi da wuri: a 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jagoran zangon Kumasi, daga ƙasar, sannan a watan Nuwamban 1969, shekara biyu kacal bayan fitowar Jaguar, gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi marasa takarda, aka ba su mako biyu su fice. Irin su Illo da Lam ne suka cika motocin da suka nufi iyaka. Marigayi Ousmane Sembène na Senegal ya taɓa faɗa wa Rouch ido da ido a 1965 cewa masu irin aikinsa suna kallon 'yan Afirka tamkar ƙwari. Wannan zargin ya fi kama Les Maîtres fous. A Jaguar, inda waɗanda aka ɗauka su ne masu magana, bai zauna sosai ba, amma dai kyamarar da almakashin yankan hoton a hannun Bature suke.

Tunda an ambaci Les Maîtres fous, ga gargaɗi. Yana cikin kwalin, kusan rabin awa ne, kuma kada a kuskura a sa shi a taron da ke da yara ko a buɗe dare da shi. 'Yan Hauka ne, wani reshe na bori da ya taso a yankin Filinge na Nijar a shekarun 1920, 'yan ci-rani suka kawo shi Akra. Aljanun da ke hawansu na Turawan mulki ne, gwamna da janar da direban jirgin ƙasa da matar likita. Akwai kumfa a baki, akwai yanka kare a ci. Hukumomin Ingila sun hana nuna shi a Gold Coast, kuma har yau ana jayayya a kansa. Fim ne na zaman manya da tattaunawa a bayansa. Shi kansa Jaguar yana da wurin Somba da aka ambata, da 'yan wuraren giya da rawa. Mai shirya kallo a harabar makaranta ko kusa da masallaci ya kalla shi kaɗai tukuna, ya rubuta mintin da wuraren suke, ya sanar da dattawa tun kafin a fara. In an ga tsallakewa ya fi, a tsallake hoton Somba, amma a sani an yi asarar mafi kyawun maganar da ke cikin fim ɗin.

Matsalar farko da mai saye zai ci karo da ita ta na'ura ce. Faifan DVD na da lambar yanki, ana ganin ta a bayan kwali cikin ɗan zanen duniya. Na Amurka yawanci 1 ne, na Faransa 2, na'urorin da aka yi don yawancin ƙasashen Afirka kuwa 5. Idan lambobin ba su dace ba na'urar za ta rubuta cewa yankin ba daidai ba ne ta ƙi karantawa. Abin mamaki, ƙananan na'urori masu araha da ke kasuwa su suka fi karɓar kowane faifai, manyan masu suna su ne masu taurin kai. A tafi da faifan shago a gwada kafin a biya. Mai amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka ya kiyaye: idan ta tambaye shi ko ta sauya yanki, sau biyar kawai ake da damar sauyawa, daga nan sai ta kulle a kan na ƙarshe, ko an sake zuba mata manhaja ba ta buɗewa. Gara a fara gwada manhajar VLC, sau da yawa tana karantawa ba tare da an taɓa yankin ba. Wanda kuma aka aiko masa da na'urar DVD ɗin kanta daga Amurka ya karanta rubutun da ke bayanta. Wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka 120. In ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, sauya bakin filogi kaɗai ba ya ceton ta, sai da taransifoma, in ba haka ba ƙauri za a ji.

Ta biyu tsarin hoto. Faifan Amurka NTSC ne, talabijin ɗin Gana PAL. A tsohuwar talabijin mai ƙeya, idan aka haɗa da wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya, hoton kan fito baƙi da fari ko ya riƙa gudu sama. A shiga saitin na'urar DVD, wurin nau'in talabijin, a mayar da shi PAL. Da wayar HDMI a talabijin ta zamani ko majigi wannan matsalar ba ta tasowa. Shi kuma faifan Faransa, da yake PAL ne, hoto 25 yake gudu a daƙiƙa maimakon 24, don haka ya fi sauri da kashi huɗu cikin ɗari, fim ɗin da ya kai kusan awa ɗaya da rabi zai ragu da minti uku zuwa huɗu. Ba a yanke komai ba.

Ta uku ita ce wadda aka fi yi, kuma ta fi ɓata fim. Hoton Jaguar kusan murabba'i ne, faɗi huɗu tsawo uku. A allon zamani dole a ga baƙin shafi dama da hagu. Sai wani mai ƙwazo ya ɗauki rimot ya baje hoton ya cika allo, Lam siriri ya koma gajere mai faɗi, ko kuma ya zuƙo hoton ya yanke kawuna da rubutun fassara. A bar shi a 4:3. A kashe duk wani saitin da ke cewa zai goge hoto ko ya sassauta motsi. Ɗigon da ke yawo a hoton na zaren milimita 16 ne, idan talabijin ta goge shi fuskoki sai su yi sumul su rasa kama, saƙar riga da rubutun goshin mota su ɓace. Launin ma kada a ƙara masa ƙarfi. Kwafin da ke yawo a intanet da wayoyi yawanci daga tsohon kaset aka kwaso su, jan ƙasa ya koma ruwan hoda, rubutun allunan shaguna ba ya karantuwa, nan ne ake gane inda kuɗin faifan ya tafi.

Ga mai son haskawa a fili da majigi, lissafin kaɗan ne. Allo mai faɗin mita 2.4 da tsawon mita 1.8 ya dace da siffar hoton daidai. Farin yadi mai kauri ya wadatar in an ɗaure kusurwa huɗu an ja shi ya miƙe, a sa baƙin yadi ko tabarma a bayansa don kada hasken ya zarce ya ɓace. Farin bango mai laushi ya fi yadi. Majigi na ofis da aka saba gani zai buƙaci kimanin mita uku da rabi zuwa huɗu daga allon kafin ya cika wannan faɗin. A nemi mai haske lumen 3,000 na ma'aunin ANSI. Ƙananan nan da ake rubuta wa dubu takwas ko dubu tara a kwali ba da wannan ma'aunin aka auna su ba, haskensu na gaskiya ɗari biyu ne ko uku, a ɗaki mai duhu kawai suke aiki. A fara bayan isha'i, a roƙi maƙwabta su kashe fitilar ƙofar gida mai fuskantar allo. Layin kujeru na ƙarshe kada ya wuce ninki shida na tsawon allon, wato kimanin mita 11, in ba haka ba masu karanta fassarar ba za su gani ba. A ɗaga ƙasan allon ya kai aƙalla mita ɗaya da 'yan kai daga ƙasa, domin rubutun a ƙasa yake, kuma kan yaran da ke gaba shi ke fara rufe shi.

Wuta kuma sai an yi mata shiri. Majigi mai ƙwai na cin wat 300 ko kusa da haka, lasifika da kwamfuta su ƙara kamar 200, don haka ƙaramin janareta ya ɗauke su, amma a kai shi nesa da doguwar waya saboda ƙara, fim ɗin na kunne ne. Abin da ke kashe majigi shi ne dumso, wato ɗaukewar wuta, ta faɗo ana tsakiyar kallo: ƙwan na da zafi sosai, fankar da ke sanyaya shi ta tsaya tare da wutar, kwanansa ya ragu ko ya fashe. Batirin tsaro na kwamfuta mai VA 1,000 a tsakanin soket da majigin zai ba da 'yan mintunan da za a kashe shi yadda ya kamata. Ko lafiya aka gama, kada a zare filogi sai fankar ta yi shiru da kanta. Lokacin hunturu a ciro matatar iskar a kakkaɓe kafin a kunna, ƙurar buji na toshe ta, majigin ya yi zafi ya kashe kansa.

Sautin fim ɗin layi ɗaya ne. A saitin na'ura a zaɓi sitiriyo ko PCM. Idan aka bar shi a 5.1 alhali lasifika biyu ne, muryar na iya tafiya layin tsakiya da babu komai a kansa, a ga hoto babu magana. A rage ƙarar ganga, a ɗan ɗaga tsakiyar murya. Masu kayan sautin biki sun saba cika bes, a nan muryar Lam zai dushe.

Sai babban al'amari, harshe. Hirar na da sauri, fassarar Turancin na walƙiya ta wuce, kuma waɗanda fim ɗin ya fi yi wa amfani, tsofaffi da iyaye mata, ba su za su bi ta ba. Maganin tafinta ne da makirfo, yadda aka saba jin fassarar fina-finan Indiya, amma kai tsaye. Zango ba ya rasa mai jin Faransanci, ɗan Nijar ko Togo ko Burkina, kuma wanda zai fassara daga bakin Damouré ya fi wanda zai fassara daga rubutun Turanci, don rubutun ya taƙaita barkwancin. Mutum biyu sun fi ɗaya, ɗaya ya ɗauki Damouré ɗaya Lam, saboda daɗin na cikin musayar ne. Su kalli fim ɗin sau biyu tare tun da rana, su rubuta sunayen garuruwa da wuraren da za su yi shiru, musamman waƙoƙi da wurin kwale-kwale. A sauke sautin fim ɗin zuwa kamar kashi ɗaya cikin uku, kada a kashe shi, a ji dariyar masu shi a ƙarƙashin Hausar. Kuskuren da tafinta ke yi shi ne ƙarin gishiri, ya ga jama'a na dariya sai ya fara zuba nasa har ya rufe na Damouré. A ja masa kunne tun farko.

Faifan da aka saya a kasuwa na kallon gida ne. Wanda zai sayar da tikiti ko ya haska da sunan ƙungiya ko makaranta yana buƙatar izinin nunawa a bainar jama'a daga kamfanin da ke riƙe da haƙƙin, kuma kuɗin wannan daban yake da na kwalin. Cibiyar Alliance Française, wadda ke da reshe a Akra da Kumasi, wuri ne da ya dace a fara tambaya, haka ma makarantar koyon fim ta Akra da aka kafa a 1978 da sunan NAFTI.

Ga mutum ɗaya da ke son Jaguar kaɗai, kwalin ya yi tsada, tunda zai biya kuɗin takwas ya mori uku ko huɗu. Ga ƙungiyar matasa, ko ɗakin karatun unguwa, ko malamin tarihi a makarantar Islamiyya da ke son nuna wa ɗalibai hanyar da kakannin wasunsu suka biyo, ya cancanci a yi karo-karo a saya. A ba mutum ɗaya amanarsa, a riƙa kama faifan ta gefe, a goge shi daga tsakiya zuwa baki ba a zagaye ba, kada a bar shi cikin mota a rana. In dare biyu aka samu, a fara da Mammy Water, gajere ne, jama'a su saba da rawar hoton da muryar da ba ta bin baki, sannan Jaguar. Dare na biyu Petit à petit, inda Damouré ya zama attajiri ya tafi Paris yana auna kawunan Faransawa da duba haƙoransu a titi, yadda masu bincikensu suka saba yi wa mutanen Afirka.